Haɗa wa Keke Injin Lantarki: Jagora ga Manoma da Malaman Gona na Maiduguri da Kewaye

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Dikwa ko hanyar Bama da sanyin safiya zai ga yadda keke ya zama abin hawan manomin Maiduguri. A kansa ake ɗaura fartanya da buhun taki, a kansa ake dawowa da albasa da tumatir zuwa kasuwar Gamboru. Wannan yana da dalili. A watan Yuli na shekarar 2011 gwamnatin jihar Borno ta haramta hawa babur a Maiduguri da ƙaramar hukumar Jere saboda matsalar tsaro, jama'a suka koma ga keke da Keke Napep. Da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. Manomin da gonarsa ke wajen Alau ko Zabarmari, kimanin kilomita 20 daga gari, ya kan ƙarar da rabin ƙarfinsa a hanya kafin ya kama fartanya.

Saboda haka manoma suka fara tambayar malaman gona a kan kayan da ake sayarwa a kwali ɗaya, waɗanda in an ɗaura wa keke sai ya riƙa tafiya da lantarki. Abin yana yiwuwa, kuma ba baƙo ba ne a garin nan: Mustapha Gajibo ya yi suna ne da cire injin fetur daga ƙananan motocin safa yana sa masu na lantarki a Maiduguri. Na keke ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai kayan an ƙera su ne domin titi mai kwalta da ƙasashe masu sanyi, mu kuwa yashi gare mu da zafin bazara da ƙarancin wuta. Wannan jagora za ta nuna maka abin da ya kamata ka auna kafin ka fitar da kuɗinka, da yadda za ka kula da kayan bayan ka saya.

Abin da ke cikin kwalin

Babban abu shi ne injin. Wanda aka fi samu yana zaune ne a tsakiyar ƙafar keke, inda gatarin ƙafar yake, kuma yawanci yakan zo a ɗinke da wilinsa. Sai ƙaramin akwatin sarrafa wuta, wanda shi ke ƙayyade yawan wutar da za ta fita daga batir zuwa injin. Sai totur irin na babur, da hannuwan birki biyu masu yanke wuta da zarar an matsa, da wani ɗan faifai da ake sawa a gindin feda domin injin ya tashi idan ka fara tuƙi. Batir da cajarsa sau da yawa dabam ake sayar da su, kuma batir ɗin kan cinye kusan rabin kuɗin aikin, ko fiye.

Ana auna ƙarfin injin da wat. Mutum mai lafiya da ke tuƙa keke na tsawon sa'o'i ba ya fitar da abin da ya wuce wat 100 sosai. Ke nan injin mai wat 250 kamar ka sami ƙarti biyu ne suna taya ka tuƙi. A Tarayyar Turai doka ta tsayar da keken lantarki a kan wat 250 da gudun kilomita 25 a awa, abin da ya wuce haka babur ake ɗaukarsa. Ga manomi, wat 250 zuwa 350 a kan wuta mai bolt 36 ya wadatar. Mai ɗaukar kaya kullum yana iya zuwa wat 500. Za a nuna maka mai wat 1,000 a ce ya fi, amma a ganina asarar kuɗi ce: yana zuƙe batir, yana da nauyi, kuma yana kai keke gudun da ba a ƙera shi dominsa ba.

Cikin injinan tsakiyar ƙafa akwai mai giya a ciki da maras giya. Nemi mai giya. Ya fi ƙanƙanta, nauyinsa bai cika wuce kilo 3 ba, ya fi ƙarfin ja a ƙaramin gudu, kuma ranar da batir ya mutu a hanya za ka tuƙa kekenka gida ba tare da injin ya riƙe ƙafar ba.

Fara duba keken

A nan ne mafi yawan masu saye ke yin kuskure, domin sukan sayi kaya tukuna sannan su duba keke. Kekunan da ke hannun manomanmu iri biyu ne. Akwai tsohon yayi, dogo baƙi mai birkin sanda, irin su Raleigh da Phoenix da Hero. Akwai kuma mai giya da faffaɗar taya, mai ƙafa inci 26, wanda aka fi samu a gwanjo.

Mai ƙafa inci 26 shi ya fi sauƙin haɗi, domin yawancin kayan da girmansa ake yin su. A tabbatar jikinsa na baƙin ƙarfe ne. Maganaɗisu zai gaya maka, in ya manne to ƙarfe ne, in bai manne ba alminiyam ne. A auna tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyun da ke riƙe ƙafa. A gaba yawanci milimita 100 ce, a baya milimita 135. Da wannan awo za ka je wurin mai sayarwa.

Tsohon yayi kuwa yana da ƙarfin ɗaukar kaya, amma yana da tarko uku. Na farko, a jikin tayarsa an rubuta inci 28, kuma akwai kayan haɗi da aka rubuta wa inci 28, alhali ba girmansu ɗaya ba. Duba ƙananan lambobin da ke jikin taya: na tsohon yayi 635 ne, wancan kuwa 622. Tayar ɗaya ba ta shiga wilin ɗaya. Na biyu, birkin sanda yana kama wili ne ta ciki, sabon wilin da ya zo da injin kuwa ba a yi shi domin haka ba, wato in ka sa shi ka rasa birkin wannan ƙafar. Mafita ita ce ƙwararren mai gyaran keke ya cire injin ya ɗinke shi a cikin tsohon wilinka da gajerun wayoyi masu kauri. Nan tarko na uku yake: injin ramuka 36 gare shi, da yawa daga tsofaffin kekuna kuwa wayoyi 32 gare su a gaba, 40 a baya. Ƙirga naka kafin ka bar gida. Idan lissafin bai zo ɗaya ba, sai an nemo wili mai ramuka 36 na irin birkin sanda.

Akwai wata hanya ga tsohon yayi, wadda ta yaɗu a Indiya da Pakistan: injin mai bolt 24 da ake ɗaurawa a gefen ƙafar baya, yana jan ta da tasa sarƙar ta hagu. Ya fi araha, kuma duk makanikin da ya san janareta zai iya gyara shi. Aibinsa shi ne sarƙar a fili take, ƙurar hunturu da yashi na cinye ta, kuma tana yawan sauka idan ba a daidaita ta sosai ba.

A gaba za a sa injin ko a baya? Na gaba ya fi sauƙin ɗaurawa. Amma manomi kayansa a baya yake, idan ka ɗora buhu a kariya ƙafar gaba takan yi sakayau, da ta shiga yashi sai ta riƙa juyawa a wuri ɗaya. Ga mai ɗaukar kaya na baya ya fi. Ko ina aka sa shi, kada a bar ɗan ƙarfen nan da ke riƙe gatarin injin da jikin keke. Injin yana murɗa gatarinsa da ƙarfi, in babu wannan ƙarfe a hankali yakan buɗe bakin mazauninsa, wata rana ƙafar ta fita kana cikin tafiya. Idan bai zo a kwalin ba, maƙeri ko mai walda zai yanka maka shi daga ƙarfe mai kaurin milimita 4 ko 5.

Birki

Keken da ake tuƙawa da kaya yakan yi kilomita 10 zuwa 12 a awa. Da injin zai yi 24 ba tare da ka ji ba. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da keke ke buƙata kafin ya tsaya takan ninka sau huɗu. Ƙara da nauyin injin da batir, kilo 7 zuwa 8, da buhun taki mai kilo 50. Birkin da ake taimaka wa da tafin ƙafa ba zai yi wannan aiki ba. A sa sababbin robobin birki gaba da baya, a canza wayar da ta yi tsatsa, a miƙe wili idan ya karkace. Wanda ba shi da kuɗin gyaran birki, bai kai ga sayen injin ba tukuna. Kada kuma kaya su wuce buhu ɗaya. Injin ya ƙara maka ƙarfin ja ne kawai, bai ƙara wa wayoyin wili da kariya ƙarfi ba.

Lissafin batir

Mai sayarwa zai ce maka batir ɗin na kai kilomita 50. Kada ka yi aiki da maganarsa, yi naka lissafin. A jikin kowane batir akwai lambobi biyu, ɗaya da harafin V, ɗaya da Ah. Ninka su za ka sami yawan wutar da yake ɗauka. Mai 36V da 10Ah yana ɗauke da 360, ma'aunin da ake kira wat-awa. A bisa ƙiyasi, keke a kan kwalta, babu kaya, kana taimaka masa da feda, yakan ci 10 zuwa 12 a kowace kilomita. Da kaya a kan burji ko hanyar gona yakan ci 20, a yashi ma fiye.

Ga misali. Gonarka na da nisan kilomita 12. Zuwa ba kaya, 12 sau 12, ya ba da 144. Dawowa da kaya, 12 sau 20, ya ba da 240. Jimla 384. Ka ga mai 360 ba zai dawo da kai gida ba. Sannan dole a ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin biyar, domin batir yana raguwa da tsufa, kuma zuƙe shi ƙarƙaf kullum na rage masa kwana. Lissafi ya kai 460, wato mai 36V da 13Ah kake buƙata. Wannan ragowa ba almubazzaranci ba ce. A wasu yankunan da ke kewaye da gari akwai lokacin da jami'an tsaro kan ce manoma su bar gona, kuma ba wanda ke son yamma ta yi masa a daji yana tura keke mai nauyi. Ana shawartar malaman gona su taimaka wa manomi ya auna nisan gonarsa da wayar hannu, domin abin da ake cewa "nan kusa ne" sau da yawa ya haura kilomita 10.

Batir iri uku ne a kasuwa. Mai dalma, irin wanda ake sa wa fitila da ƙananan na'urori, shi ne mafi araha. Sai an jera uku masu bolt 12 kafin a sami 36, nauyinsu ya haura kilo 10, kuma kusan rabin wutar da aka rubuta a jiki kawai za ka mora idan kana son ya daɗe. Zafi na kashe shi da wuri: duk ƙarin digiri 10 a kan digiri 25 yana rage kwanansa da kusan rabi. A Maiduguri, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, arharsa ta ranar saye ce kawai. Na biyu shi ne litiyam na gama-gari, mai nauyin kilo 3 ko ƙasa da haka, wanda kan ɗauki caji ɗari biyar ko fiye kafin ya yi rauni sosai. Na uku litiyam ne mai sinadarin ƙarfe, za ka ga an rubuta LiFePO4 a jikinsa. Ya ɗan fi nauyi da girma, amma yana jure zafi, yana wuyar kama wuta, kuma yana ɗaukar caji dubu biyu ko fiye. In da hali, shi ya dace da yanayinmu.

A kula: akwai masu harhaɗa batir daga tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta su naɗe da leda. Ƙwayoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma sau da yawa babu ɗan allon kariya da ke yanke wuta idan caji ya cika ko zafi ya yi yawa. A guje shi ko da rabin kuɗi ne.

Zafi, ruwa da gobara

Batirin litiyam ba a yi masa caji idan zafinsa ya haura digiri 45. Ɗakin kwano a rufe da tsakar ranar bazara yana iya wuce haka, haka ma batirin da aka bari a rana a bakin gona. Idan ka isa gona, cire shi ka ajiye a inuwar bishiya, kada ka rufe shi da baƙar leda. Idan ka dawo gida, bar shi ya huce kamar awa ɗaya kafin ka jona. A yi caji a kan siminti ko ƙasa, nesa da katifa da jarkar fetur da rumbu da tarin harawa, kuma ba a bakin ƙofar da iyali za su fita ba. Kada a jona a kwanta barci. Caja mai amfiya 2 takan cika batir mai 10Ah cikin awa 5 zuwa 6. Da ta nuna ya cika, a cire.

Wannan gargaɗi ba na tsoratarwa ba ne kawai. A birnin New York na Amurka mutum 18 suka rasu a shekarar 2023 a gobarar batiran litiyam, akasari na kekuna da ƙananan babura. Hukumar kashe gobara ta Landan ta sha yin gargaɗi cewa da yawa daga irin wannan gobara na tashi ne daga kekunan da aka haɗa wa injin a gida, da kuma cajar da ba ta batirin ba. Don bakin caja ya shiga, ba shi ke nuna ta dace ba. Litiyam na gama-gari mai 36V cajarsa 42V take fitarwa, mai 48V kuma 54.6V. Mai sinadarin ƙarfe tasa dabam ce. Kada a ari ta maƙwabci. Batirin da ya kumbura, ko yake wari, ko yake zafi alhali ba ya aiki, a fitar da shi fili nesa da ɗaki.

Kayan suna jure yayyafi, amma ba sa jure nutsewa. Kada a ratsa ruwan da ya kai tsakiyar ƙafa. Wanda ya ga ambaliyar da ta biyo fashewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 ya san ruwa na iya shiga ɗaki cikin dare, saboda haka da damina a ajiye batir a kan kanta. Wanda ruwa ya taɓa shanyewa, ko ya bushe ya yi kamar lafiya lau, kada a sake jona shi.

Ina za a sami wuta?

Cika batir mai 360 bai kai rabin yunit ɗaya na wutar gari ba, har da asarar caja. Kuɗin wutar ba shi ne matsala ba, samunta ne. Mutanen Maiduguri ba su manta da shekarar 2021 ba, lokacin da aka lalata turakun layin Damaturu gari ya shafe watanni a duhu, har ta kai ga gina tashar iskar gas mai megawat 50 da aka buɗe a watan Maris na 2023. Ƙauyuka da dama kuwa ba su da layin ma sam.

Abin da muke da shi a wadace rana ce. Faifan sola mai wat 100 yakan tara wat-awa 400 zuwa 500 a yini mai haske. Mai wat 150 ya fi kwanciyar hankali saboda hazo da gajimaren Agusta. Amma ba a jona faifan kai tsaye da batir. Ko dai a sami na'urar caji ta sola mai ɗaga wuta, a saita ta daidai da batirin, ko a bi ta batirin gida da inbata a jona cajar da ta zo da shi. Hanya ta biyu ta fi dacewa da yawancin manoma, domin lokacin da rana ke bugawa keken yana gona. Masu noman rani da ke da faifan famfon sola suna iya yin caji a gonar, muddin mai aikin sola ya haɗa masu na'urar da ta dace kuma batirin na inuwa. A riƙa share ƙurar faifan, musamman da hunturu. Tayar da janareta domin cajin keke kaɗai kuwa, an koma gidan jiya.

Haɗawa da tuƙi

Aikin yini ɗaya ne ga mai gyaran keke da mai aikin lantarki idan suka haɗu. A ɗaura batir a tsakiyar keke, ƙasa-ƙasa, domin kariya ta zama ta kaya kuma keken kada ya riƙa rinjaya. Wayar da ke fita daga gatarin injin ta fuskanci ƙasa, don kada ruwa ya bi ta ya shiga. A sa fis kusa da batir. Akwatin sarrafa wuta yana son iska, kada a naɗe shi da tsumma. Batir shi ne na ƙarshe da za a jona, sannan a ɗaga ƙafar sama a gwada totur, a matsa kowane birki a ga injin ya tsaya. Bayan mako guda a sake ɗaure notuna da wayoyin wili, domin sukan saki.

Injin tsakiyar ƙafa ba ya son a matsa masa yana tafiya a hankali. A irin wannan hali wutar da yake sha zafi take zama, har ta ƙone wayoyinsa. Saboda haka tashi da feda, sai keke ya ɗauki tafiya sannan ka murɗa totur. A yashi mai zurfi ko lakar fadama sauka ka tura, kana ɗan taɓa totur ya taya ka. Taɓa jikin injin lokaci-lokaci a ranakun farko. Idan hannu ba ya iya daɗewa a kai, tsaya ya huce.

Faci ma ya canza. Tsidau da ƙayar aduwa ba su san keken lantarki ba, cire ƙafa mai injin kuwa sai an zare waya an kwance notuna. Sa taya mai kauri tun farko, ka shimfiɗa tsohuwar roba tsakanin taya da tif, ka koyi yin faci ba tare da cire ƙafar ba. Mai faci da bai saba ba yakan ja ƙafar da ƙarfi ya tsinke wayar, gyaranta kuwa ya fi faci tsada.

Ga malamin gona

Kafin ka ba kowa shawarar saye, tuntuɓi jami'an tsaron yankin da keken zai riƙa bi. Keke mai totur da ke gudu ba a tuƙa shi yana iya kama da babur a idon wanda ke shingen bincike, kuma dokar 2011 ta nuna cewa a nan ba a wasa da wannan batu. Barin feda a jiki, da tsayawa a kan ƙaramin injin da gudun da bai wuce kilomita 25 ba, yana rage wannan ruɗani.

Manomin da gonarsa ba ta wuce kilomita 4 ko 5 ba, gara ya sa kuɗin a taki da iri. Wanda zai amfana shi ne mai nisan kilomita 10 zuwa 20, da mai kai kayan lambu kasuwa kullum da asuba, da kai kanka da ke zagaya ƙauyuka. Tambayi mai sayarwa ko yana da akwatin sarrafa wuta da totur da caja na canji, domin su ne ke fara lalacewa. In babu, a nemi wani. Hanyar da ta fi ita ce ƙungiyar manoma ta haɗa keke ɗaya na gwaji, a ba mutum ɗaya amanarsa da littafi. Kullum ya rubuta nisan da ya yi, da nauyin kaya, da awannin caji, da abin da ya lalace da kuɗin gyaransa. A bar gwajin ya ratsa bazara ɗaya da damina ɗaya, sannan a kwatanta da kuɗin motar da ya saba biya a wannan hanya, tare da ware wani abu kowane wata domin sabon batir.